Sukurun Da Ya Hana Ni Barci



Waɗanda suka san ni a Monde Maket sun san na fi shekara ashirin ina sayar da takalman gwanjo. Waɗanda suka san ni a unguwa kuwa sun san ni nake jan salla a ƙaramin masallacin layinmu duk ranar da babban liman bai samu fitowa ba. Mai kula da wannan mujalla tamu ya daɗe yana bina in rubuta wani abu, ina ce masa ni ba marubuci ba ne, ɗan abin da na samu na allo ne da Islamiyya. Abin da ya sa na yarda yanzu shi ne, tun bayan ambaliyar Alau ta watan Satumba 2024 nake ganin kayan da suka sha ruwa ana shanya su, a goge, a shafa musu mai, a jera a rumfa kamar ba abin da ya taɓa samunsu. Ba zan nuna kowa da yatsa ba. Labarin kaina zan bayar, don ni ma na taɓa tsayawa a bakin wannan ramin, saura ƙiris in afka.

A ƙarshen shekarar 2022 na saro buhu uku na takalma a Kofar Wambai, Kano, rabi kuɗi hannu rabi bashi. Duk ɗan gwanjo ya san sana'ar nan rabinta sa'a ce, ba a leƙa cikin buhu kafin a biya. Da muka zazzage na ukun a rumfa sai ga wani takalmi fari, wuyansa ya wuce idon sawu, fatarsa da tauri kamar katako, a ƙarƙashin kowace ƙafa kuma an ɗaure wani dogon ƙarfe a tsaye kamar wuƙa, gabansa da haƙora irin na zarto. Yaran rumfa suka yi ta dariya. Wani ya ce na 'yan fashi ne, wani ya ce na yankan ciyawa ne. Ni dai na taɓa ganin irinsa a talabijin, na san takalmin da Turawa ke wasan zamiya da shi ne a kan ƙanƙara. To, a Maiduguri? Garin da a watan azumi mutum zai bi layi ya sayi ƙanƙarar da ba ta kai tafin hannu ba, ya naɗe ta a tsumma ya ruga gida kafin ta narke?

Lissafin ɗan kasuwa na yi. Fata mai kyau ce, ƙarfen ne matsala. Idan na cire shi, wata 'yar makaranta za ta sa a lokacin hunturu, don ƙafar ƙarama ce. Na ɗauko sukundireba na zauna. Ƙarfen yana da faranti biyu, ɗaya a gaban tafi ɗaya a dunduniya, kowanne an ɗaure shi da sukurori a cikin fatar ƙasan takalmin. Wasu suka fito salin-alin. Wasu sun yi tsatsa, kawunansu sun cinye. Maimakon in ɗiga musu mai in ba su lokaci, sai na cusa bakin sukundireba tsakanin ƙarfe da fata na ɓanɓara da ƙarfi. A dunduniyar hagu na ji wani abu ya ce ƙas. Ban ko duba ba. Sukurorin na watsa su cikin gwangwanin tumatir, dogaye da gajeru duk a haɗe.

Takalmin bai sayu ba. Duk yarinyar da ta gwada sai ta ce ba ta iya lanƙwasa ƙafa. Na gaji na kwaso shi gida. Uwargida ta ɗauki ƙarfe ɗaya ta gwada fere kabewa, ta dawo mini da shi ta ce, "Malam, wannan wuƙar taka ko tuwo ba ta yankawa." Mai wasa wuƙa da ke zagaya layinmu ya ce in ba shi ya fitar mini da wuƙaƙe biyu na layya. Har na miƙa masa aka kira sallar La'asar, na ce ya dawo gobe. Bai dawo ba. Na rataye ƙarafan a ƙusa cikin zaure, takalmin na jefa shi bayan ƙofa.

Sai daren 26 ga Fabrairu 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa. Ba sai na ba ku labarin gobarar Monde Maket ba, da yawanku kun tsaya tare da ni muna kallon hayaƙi har rana ta fito. Ko igiyar takalmi ban fitar ba. Ga bashin mutumin Kano, ga wahalar takardun kuɗi ta lokacin canjin naira, ga azumi ya kama a ƙarshen Maris. Na koma shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure da 'yan ƙafa goma sha wani abu da wani abokin sana'a ya ba ni in sayar mu raba riba. Mutumin Kano bai taɓa yi mini magana mai zafi ba. Kiransa kawai, idan na ga lambarsa a waya, ya ishe ni.

A goman ƙarshe na azumin sai ga ɗan wani makwabcinmu marigayi, wanda na koya wa Ahalari yana yaro, yanzu likita ne a Ingila. Ya zo yin Salla da mahaifiyarsa. Ya durƙusa muka gaisa, ya yi mini jajen gobara. Yana ɗaga kai sai idonsa ya faɗa kan ƙusar nan.

"Baba Liman, ina ka samo wannan?"

Na ba shi labari. Ya sauko da ƙarfe ɗaya, ya goge ƙura da hannun rigarsa, ya nuna mini wani rubutu da ban taɓa kula da shi ba. Sunan kamfanin John Wilson ne da sunan garin Sheffield. Ya ce garin nan ya yi suna a ƙirar wuƙaƙe tun zamanin da, kamfanin kuma yana ƙirga tarihinsa tun daga 1696. Ya ce 'yarsa mai shekara goma sha ɗaya tana wannan wasan, ta fara koyon tsalle, ƙafarta ta yi wa takalminta girma, kuma sabon irin wannan da ƙarfensa sai an ajiye fam ɗaruruwa. Sai ya zaro wani tsinken tsintsiya daga aljihu. Ashe matarsa ta auno ƙafar yarinyar don ya sayo mata takalmin Salla, irin yadda iyayenmu mata ke yi. Ingilar ba ta raba su da wannan ba. Na ɗauko takalmin daga bayan ƙofa, ya zura tsinken a ciki, ya zauna da ɗan sarari kaɗan.

"Baba, idan sukurorin suna nan a mayar da ƙarfen yadda yake. Jibi zan zo in ɗauka. Dubu tamanin ta yi?"

Dubu tamanin! Abin da ya rage tsakanina da mutumin Kano dubu saba'in da biyar ne. Na ce ta yi, Allah Ya yi albarka. Ban ce masa ɓanɓarowa na yi ba. Shi ma bai juya ƙasan takalmin da kyau ba, don ƙura ta rufe ramukan, kuma wa zai tsaya binciken kayan malaminsa?

Bayan Tarawihi na kunna fitilar waya na zauna da gwangwanin tumatir. Ƙafar dama ta ɗauru, ko da yake sukuru biyu sun shiga da sauƙin da bai kwanta mini ba. A ta hagu aiki ya tsaya. Ramuka uku na dunduniya sun yi faɗi, sukuru yana ta juyawa ba ya kamawa. Da na matsa da yatsa sai na ga fatar dunduniyar, wadda ashe falle-falle ce aka liƙa aka danne, ta buɗe baki a gefe ɗaya. Wannan ne ƙas ɗin da na ji watanni huɗu da suka wuce.

Kowane ɗan gwanjo ya san dabarar. Na karya tsinken ashana na cusa a ramukan, na ɗaura, sukuru ya kama. Na ɗiga gam a tsagar na danne, na bi da farin fenti. Na riƙe takalmin na girgiza, shiru. Wallahi ko baduku ba zai gane ba sai ya kwance.

Na kwanta, barci ya ƙi zuwa. Abin da ya yi ta dawo mini kalma ɗaya ce da Likita ya faɗa, tsalle. Da a ce tafiya ce kawai za a yi da shi zuwa makaranta, in dunduniya ta cire sai a kai wa baduku, a yi mini Allah-ya-isa a wuce. Amma yarinya za ta tashi sama ta juya ta sauko da ƙafa ɗaya a kan ƙarfen da kaurinsa bai wuce milimita huɗu ba, a kan ƙanƙara mai tauri kamar siminti, duk nauyinta a kan tsinken ashana uku da na karya da hannuna. Kuma ba za ta taɓa sanin suna nan ba. Sai zuciya ta ce mini, ai can suna da masu gyara, za su duba. Wata zuciyar ta ce, wa zai kwance abin da ya ga a ɗaure?

Da asuba babban liman bai fito ba, ni na shiga gaba. Na yi tuntuɓe a surar da na haddace tun ina ɗan shekara tara, sai da wani yaro a sahun baya ya ɗora ni. Bayan an sallame na zauna ina tuna babin ciniki na Risala da muka karanta a gaban malaminmu, inda aka hana mai sayarwa ɓoye aibin da ya sani a kayansa, musamman wanda in mai saye ya ji zai fasa ko ya rage kuɗi. Sau nawa na karantar da wannan babin a wannan masallacin? Ashe karantar da shi da rumfa cike da kaya daban, aiki da shi da bashi a wuya daban.

Ban jira jibi ba. Da hantsi na aika yaro ya kira Likita. Na ɗauki sukundireba a gabansa na kwance dunduniyar hagu, na zazzage masa tsinkayen ashana a tafin hannu.

Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce, "Baba, da ka yi shiru da ban sani ba."

Na ce, "Shi ya sa na kira ka, ɗana."

Ya karɓi ɗaya ƙafar ya zura hannu ciki, sai ya yi saurin zarowa. Wani dogon sukuru na dunduniya na ɗaura a gaba, inda fatar ba ta da kauri, tsininsa ya leƙo ta ciki daidai inda yatsun yarinya za su zauna. Ya sake dubawa ya yi murmushi, ya ce ƙarafan ma na musanya su, na hagu yana dama, na dama yana hagu, don farantin gaba yana bin siffar ƙafa ne. Wato ko ban yi ha'inci ba, jahilcina kaɗai ya isa ya karya yarinyar mutane.

A nan zauren ya yi mini karatun da ban taɓa ji ba, don ya sha zama wurin mai gyaran takalman 'yarsa yana kallo. Ya sa na shafa ƙasan ƙarfen da farce. Ashe tsakiyarsa kwarmi ne, kaifi biyu gare shi, na ciki da na waje, shi ya sa ya ƙi fere kabewa, kuma da mai wasa wuƙa ya taɓa shi da dutsensa da ya tashi daga aiki har abada. Ya ɗora shi a kan tabarma ya nuna mini ba miƙaƙƙe ba ne, yana da ɗan lanƙwasa kamar ƙasan kwalekwale, a kan wannan ake juyawa. Haƙoran gaba kuma da su ake cakar ƙanƙara a tashi sama. Sannan ya nuna mini hudojin farantin. Wasu zagayayyu ne, wasu dogaye kamar ƙwallon dabino. Ni da na ɗauka ado ne. Ya ce a dogayen ake fara ɗaurawa, sukuru biyu a gaba biyu a baya, don a iya gusar da ƙarfen dama ko hagu. Ana saita shi ya bi tsakanin babban yatsa da mai bi masa, ya ratsa tsakiyar dunduniya. Sai mai takalmin ya hau ƙanƙara ya zame da ƙafa ɗaya. In yana karkata ciki ko waje, a sassauta a gusa kaɗan, a sake gwadawa. Sai an ga yana tafiya sak sannan a ɗaure zagayayyun hudojin, kuma ba duka ba, ana barin wasu don wata rana. Kafin wannan ɗaurin na ƙarshe ba a yarda yaro ya yi tsalle ba.

Na ce, "To ramukan da suka yi faɗi fa?"

Ya ce, "Tsohon rami ba ya riƙe sukuru, Baba, sai an cike shi ya bushe an sake hudawa."

Muka tafi wurin wani tsohon baduku da ya koma aiki a gindin bishiyar dalbejiya bayan gobara. Shi bai taɓa ganin ƙanƙarar da ta fi ta cikin kula girma ba, amma da ya juya takalmin sau biyu ya gane komai. Ya dube ni ya ce, "Liman, wannan aikin ɓanɓara ne, ba aikin kwancewa ba." Na ce haka ne. Ya kankare fentin da na shafa, ya buɗe tsagar ya share gam ɗina, ya haɗa gam ɗin nan mai bututu biyu ya cusa tsakanin fallayen, ya ɗaure dunduniyar tam da robar tayar keke. Ya fiƙe 'yan tsinkayen itace mai ƙarfi daidai kowane rami, ya tsoma a gam ya buga su ciki, ya ce kada wanda ya taɓa sai gobe war haka. Washegari ya yanke abin da ya yi saura, ya goge da sanfefa har ya yi sumul. Likita ya ce a can ana shafe ƙasan takalmin da kaki kafin a ɗora ƙarfe, don ƙanƙara na narkewa ta shiga ta ramin sukuru ta ruɓar da fata daga ciki, waje kuwa yana nan fes. Baduku ya narka kakin zuma ya shafa, rana ta gama sauran aikin. Sannan ya sa basilla ya yi 'yan ƙananan hudoji sababbi, muka ware gajerun sukurori na gaba da dogaye na baya, aka ɗaura huɗu huɗu a dogayen hudojin, aka tsaya nan. Sauran na ƙulle su a leda na ba Likita.

Maganar kuɗi fa? Ba zan yi muku ƙarya in ce ya ce a bar shi a tamanin ba. Ya ce dunduniyar da ta taɓa tsagewa ba za ta yi ƙarkon lafiyayya ba, wataƙila shekara guda yarinyar za ta more shi, kuma sai ya biya mai gyara a can ya sake dubawa. Ya ba da dubu hamsin. Gaskiyarsa ce. Na biya baduku dubu uku a ciki. Da ya tashi tafiya ya so ya ƙara mini wani abu da sunan goron Salla, na ce ya kai wa mahaifiyarsa, don na san abin da yake son cikewa, ni kuma ina son cinikin ya tsaya a inda gaskiya ta tsayar da shi. Ko na yi daidai a nan, har yau uwargida ba ta yarda ba. Bashin mutumin Kano bai fita ba sai bayan Babbar Salla, yarana kuma a waccan ƙaramar Sallar tsofaffin kaya suka wanke suka sa. Na ji zafin wannan, ba zan ɓoye ba.

Bayan kamar wata biyu Likita ya turo wa ɗana wani ɗan bidiyo a waya. Yarinya ce da ɗankwalinta da rigar sanyi, ta zame da ƙafa ɗaya, ta juya baya, ta tashi sama ta sauko. A saƙon ya ce mai gyaran ya kwance ya duba cikon badukunmu ya ce ya yi, ya gusar da ƙarfen hagu ciki kaɗan, sannan ya ɗaure sauran. Na kai wa baduku ya gani. Ya kalla sau uku, ya ce, "Ikon Allah. Ashe a kan aikina take sauka."

To, 'yan'uwana 'yan kasuwa, ga abin da ya sa na kawo wannan dogon labari. Ban ce kada a sayar da kayan da ruwa ya taɓa ba. Wanda gobara ta cinye wa rumfa, ruwa ya zo ya bi ta kan abin da ya farfaɗo da shi, ba zan ce masa ya zubar da sauran ba, ni ma ban zubar ba. Gyara halal ne, sayar da gyararre halal ne. Amma takalmin da ya kwana uku a ruwa gam ɗin tafinsa ya mutu ko da samansa na ƙyalli. Katifa tana bushewa a waje cikinta na ɗoyi. Firji da injin niƙa da janareto suna tashi yau, su ƙone bayan wata guda. Gadon katako yana ruɓewa ne daidai inda ƙusa ta shiga. Duk a mahaɗa abin yake, inda idon mai saye ba ya kaiwa, kuma a nan ne zai ɗora nauyinsa. Mai sayen nan kuwa ba baƙo ba ne. Matar makwabcinka ce da ta yi adashi wata shida, ko uban amarya da ya ci bashi, mutanen da ruwan nan bai bar su ba su ma.

Ka gyara da kyau, ka ba gam lokacinsa ya bushe, sannan ka juya kayan ka nuna masa wurin da yatsa, ka ce nan ya taɓu, ga abin da na yi masa. Zai rage kuɗi, wani ma zai fasa. Ni dubu talatin ta tafi a haka, a lokacin da ba ni da dubu ɗaya.

Tsinkayen ashanan nan uku suna cikin gwangwanin tumatir a kan taga ta zaure. Duk wanda ke son gani ya biyo bayan La'asar.

Allah Ya mayar wa kowa da abin da ya rasa da mafi alheri, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya zaunar da Borno lafiya. Amin.